Bakin Tiyo: Nasiha ga Samarin Feshi

Da zarar ruwan shuka ya zauna, duk hanyar da ka bi a kudancin Katsina, daga Funtuwa zuwa Bakori, ko daga Malumfashi ka gangara Ƙafur da Ɗanja, abin da za ka riƙa cin karo da shi tun da sanyin safiya shi ne samari bisa babura, kowa da injin feshi a goye, jarkar ruwa ɗaure a baya. Feshi ya zama sana'a mai zaman kanta. Aikin da iyayenmu suka yi da fartanya a sunkuye, noman fari da maimai, yau kaso mai yawa na cikinsa ya koma cikin tanki mai lita 16. Ba na cikin masu kukan wannan sauyi. Wanda ya taɓa yini a duƙe cikin gonar masara ba zai yi kewar fartanya ba. Tun da aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975 da kuɗin Bankin Duniya, aka shigo da taki da sabon irin masara, gonaki suka fi ƙarfin hannun gida ɗaya, kuma dole wani abu ya maye gurbin 'yan ƙwadago.

Amma ƙannena, ba a kan magani zan yi muku magana ba, ko yadda ake auna shi. Maganata a kan abin da ya fi komai araha a jikin injin ne, wato tiyon nan da ya taso daga gindin tanki ya zo hannunka. Kuma ko a tiyon, a kan bakinsa ne, inda aka yanka.

Ku lura da kyau, tiyo ba ya cika mutuwa a tsakiya. A baki yake mutuwa, ko dai inda ya kama tanki ko inda ya shiga mariƙin da kake matsawa. Nan ne yake lanƙwasa duk taku ɗaya da ka yi, nan ne rana ta fi gasa shi, nan ne kilif, wato zoben da ake ɗaure shi da shi, yake cizonsa. Sai ya fara tsattsagewa, ya fara gumi, daga gumi sai ɗiga. To me saurayi yake yi idan ya ga haka a tsakiyar gona, mai gona na tsaye, rana na ɗagawa, kuma kuɗin kowane tanki ake biyansa? Sai ya zaro wuƙa ko ya ari lauje, ya datse tiyon a tsaye yana riƙe da shi a iska, ya tura shi da ƙarfi, ya yago robar tsohon tif ya naɗe, ya ce an wuce wurin. Ɗigar ta ragu, ba ta tsaya ba. Sauran kuwa rigarsa ce za ta sha, daga riga sai fata.

Abin da ke ɗiga ɗin nan ba ruwa ba ne. Maganin ciyawa irin farakwat, wanda yake ƙone ganye cikin yini guda, har yau duniya ba ta da makarinsa idan ya shiga jiki da yawa, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2007. A kan lafiyayyar fata yana ƙuna. A kan fatar da ta goge ko ta yi ciwo kuwa hanya yake samu ya wuce ciki, kuma babu inda fatar mai feshi take gogewa kamar kafaɗa da ƙugu, wurin da igiyar goyo da gindin tanki suke cuɗa ta yini guda cikin zufa. Magungunan ƙwari kuma, dangin wanda kuka sani da fiya-fiya, ba su ma jiran ciwo. Suna ratsa fata da kansu, kuma fatar mara da matsematsi ta fi ta hannu shan su nesa ba kusa ba. Yanzu ka tuna ina ruwan da ya ɗigo daga gindin tanki yake gangarawa idan ya jiƙa wando. Wanda ya dawo daga feshi da ciwon kai da jiri da yawu na taruwa masa a baki, ya ce rana ce ta buge shi, sau da yawa ba rana ba ce.

Ga yadda ake yi, kuma ba ya cin lokacin da ya kai na shan shayi.

Kafin wuƙa ta taɓa tiyo, sai ka tabbata babu iska a ciki. Injin goyo yana da wata 'yar tukunya da take tara matsi, shi ya sa ko ka daina buga hannun famfo yake ci gaba da fesawa na ɗan lokaci. Ka juya kan feshin ga ƙasa, iska na bayanka, ka matse mariƙi har sai ya yi shiru. Idan da hali ka juye sauran maganin a bokitin haɗi, ka zuba ruwa mai kyau ka buga ya wanke tiyon. Wanda ya yanka tiyo da matsi a ciki, a fuska yake karɓar abin da ke ciki, domin a daidai fuska ake riƙe abin da ake yankawa.

Sai wuƙar. Sabuwar reza ko aska mai kaifi, ko wuƙar da aka wasa aka keɓe don wannan aiki, wadda ba za a koma a yanka mangwaro da ita ba. Almakashi yana matse tiyo kafin ya yanka, sai bakin ya fito a baje maimakon zagaye. Zarto yana barin gari da zaruruwa, garin nan kuma kai tsaye yake tafiya ya toshe kan feshi. Haƙori kuwa, na ga masu yi, ba sai na ce komai ba. Ka kwantar da tiyon a kan katako ko gindin itace, ka miƙar da shi, ka ɗora kaifin a tsaye sak, ka danna sau ɗaya. Mai rake yana sara a karkace domin gindin ya yi kyau a ido kuma adda ta wuce da sauƙi, hannunmu ma ya saba da irin wannan sara, to tiyo kishiyar haka yake so. Idan ka gama ka ɗaga bakin ka duba: ya zama da'ira cikakkiya, kaurin robar ɗaya ne ta kowane gefe, babu leɓe guda da ya fi wani tsawo. In ya karkace, ka sake cire kaɗan. Kuma ka yanka a bayan tsagewar da kamar yatsa biyu, domin tsagar da ido ya gani ta riga ta yi rassa a ƙarƙashi.

Dalilin wannan tsanani ba ado ba ne. Bakin da ake tura tiyo a kai yana da gaɓoɓi kamar matakala, kowace gaɓa tana kama robar ta ciki. Tiyon da aka yanka daidai yana hawa dukkan gaɓoɓin a lokaci guda ya je ya dafa kafaɗar bakin ta kowane gefe. Wanda aka yanka a karkace kuwa, gefe ɗaya ya isa, ɗayan bai isa ba. Idan ka ɗaura kilif, rabinsa na cizon roba, rabinsa na cizon iska. Matsi kuma ba ya raba kansa bisa adalci, gajeren gefen yake nema. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A injinan da ake ɗaure tiyonsu da noti na roba, abin ya fi haka muni, domin bakin tiyon ne da kansa yake zama abin toshewa, in bai kwanta daidai ba ko ka murɗa notin har ya fashe ba zai daina yoyo ba. Da yawa daga cikin notin da kuke gani a fashe, garin rufe laifin mugun yanka aka fasa su.

Akwai wani wasa da ake yi a Amurka da Turai, har ya iso wuraren shaƙatawa na Abuja da Legas, inda mutane suke sa abin kare fuska su harbi juna da ƙwallayen fenti. Abin da zai ba ku sha'awa shi ne bindigar wasan asalinta kayan aikin daji da kiwo ce. Wani kamfanin fenti mai suna Nelson ne ya fito da ita don ma'aikatan gandun daji su riƙa sa wa itatuwa alama daga nesa, makiyaya kuma su sa wa shanu, sai a 1981 wasu abokai a jihar New Hampshire suka mayar da ita wasa. Iska ce take tura ƙwallon. Tulun da ke ɗauke da iskar yana riƙe matsin da ya kai 3,000 zuwa 4,500 a ma'aunin psi, wato lambar nan da kuke gani a gejin mai faci, inda tayar ƙaramar mota take shan 32 ko 35. Ana rage matsin kafin ya fito, amma duk da haka ɗaruruwa ne suke bi ta wani siririn tiyo da bai wuce kaurin fensir ba. Tiyon nan ba a ɗaure shi da kilif. Tura shi kawai ake yi cikin wani baki mai ƙananan haƙora da zoben roba a ciki, haƙoran su riƙe, zoben ya toshe. A wurinsu yanka shi ne komai. In ya karkace, tsinin ya yanki zoben ko ya kasa wuce shi, sai iska ta yi ta tsiyaya, ko tiyon ya fizge da ƙara kamar an yi harbi. Shi ya sa masu wasan suke yankan tiyo da reza a tsanake. Su fenti ne a cikin nasu, wanda ruwa ke wankewa. Ku duba abin da ke cikin naku, sannan ku gaya mini wa ya fi cancanta da ya iya yanka.

Injin goyo dai matsinsa kaɗan ne, tsakanin 15 da 45 yake aiki, maganin ciyawa a ƙasa-ƙasa, na ƙwari a sama. Wannan ƙanƙantar ita ce take yaudara, domin tiyon ba ya fashewa ya ba ka tsoro, sai dai ya yi ta jiƙa ka a hankali.

Bayan yanka sai sawa. Ka fara zura kilif ko noti a jikin tiyon kafin ka tura shi, in ba haka ba sai ka sake cirewa, kuma kowace cirewa tana buɗa bakin. In robar ta yi tauri, kamar yadda take yi da sanyin hunturu ga masu noman rani, ka tsoma bakin cikin ruwan zafi na ɗan lokaci, zai yi laushi ya shige. Kada ka kanga shi a wuta ko ka haska masa ashana. Wuta tana ƙona waje kafin ciki ya yi laushi, robar da ta ƙone kuma in ta huce sai ta zama kamar ƙashi, ba ta ƙara kama komai. Kada ka shafa baƙin mai ko giris don ya yi santsi, suna cin wasu robobin, kuma santsin da ya taimake ka wajen turawa shi zai taimaki matsi wajen fizgewa. Ruwan sabulu ya isa, shi yana bushewa. Ka tura har tiyon ya haye gaɓa ta ƙarshe. Kilif ya zauna a kan gaɓoɓin, ka bar 'yar tazara tsakaninsa da ƙarshen tiyon, kada ya zauna a leɓe. Ka ɗaure har ya kama, ka ja da hannu ka ji bai motsa ba, ka tsaya nan. Wanda yake ɗaurewa har roba ta kumburo ta cikin ramukan kilif, da hannunsa ya fara sabuwar tsaga.

Wayar ɗaurin rodi da wasu suke murɗawa da filaya a madadin kilif, siririya ce, yanka take yi ba riƙo ba. Robar tif kuma ɓoye yoyo take yi, ta tara maganin a ƙarƙashinta ta sake shi daidai inda tafin hannunka yake. Kilif guda nawa yake a kasuwar Funtuwa? Bai kai kuɗin feshin tanki ɗaya ba. Saurayin da ya ɗauki feshi sana'a, ya kamata a ce a aljihun babur ɗinsa akwai 'yar leda da reza biyu, kilif uku ko huɗu, zoben roba, da ƙaramin sukudireba. Ni a wurina da wannan ledar ake gane gwani, ba da sabon inji ba.

Gwaji kuwa da ruwa zalla ake yi. Ka cika rabin tanki, ka buga har hannun famfo ya yi nauyi, kada ka matsa mariƙi, ka ajiye injin a busasshiyar ƙasa ka zuba ido. Ka shafa busasshen tsumma ko takarda a kowace mahaɗa. Sannan ka goya shi ka yi 'yan taku kana kaɗa sandar feshin, domin akwai yoyon da ba ya fitowa sai tiyo ya lanƙwasa. In kan feshin ya toshe, ka kwance ka wanke da ruwa da tsinken ciyawa mai laushi ko tsohon buroshi. Busa shi da baki da ake yi, wannan ɗabi'a ce da ya kamata ku zama zuriyar da ta binne ta.

Tsawo ma abin lura ne, kuma a nan ne rowa take shigowa. Duk gyara yana cin yatsa biyu ko uku. Ran da ka ga in ka miƙa hannu sosai tiyon yana ɗamewa yana jan gindin tanki, to ya gama aiki, domin tiyon da ke ɗame kullum yana ƙoƙarin zare kansa ne. Wanda ya yi tsawo da yawa kuma sai ya riƙa reto yana kama karan masara, yana shiga tsakanin ƙafafu, yana naɗewa ya toshe ruwa. In za ka auna sabo, ka goya injin tukuna, ka riƙe sandar yadda kake riƙewa a gona, ka miƙa hannu gaba da gefe, ka bar masa ɗan sakin da zai lanƙwasa ba tare da ya karye ba, sannan ka sa alama. Kuma ka yanka da ɗan rara. Ana rage tiyo, ba a ƙara shi.

Wajen sayen sabo, ba kowane abu mai rami ne tiyon feshi ba. Farin nan mai haske da magina suke duba lebur da shi ba a yi shi don matsi ba, ba shi da zare a ciki. Na gas ɗin girki nasa aikin daban, na fetur ma haka. Ka nemi mai saƙar zare a tsakanin robar, ka duba bakin yankan za ka ga zaren. Faɗin ramin kuma ya dace da bakin da za a sa shi, wanda ya yi yawa babu kilif da zai cece shi. Tiyon kirki yana da rubutu a jikinsa. Za ka ga lamba da psi ko bar a gefenta, bar ɗaya kuwa ya kusa psi 15. In lambobi biyu ne, ƙaramar ita ce ta aiki, babbar ita ce inda yake fashewa, kuma da ƙaramar ake lissafi. Ka kuma sani cewa a wuri mai sanyi-sanyi aka auna lambar. A zafin Maris da Afrilu na ƙasarmu, roba tana saki, ƙarfinta yana raguwa sosai. Araha ba ta ado, a nan kuwa ba ado kaɗai take hanawa ba.

Ko ka ce jikinka ne, kai ka sani, to akwai haƙƙin mai gona. A lissafin da aka saba, hekta guda tana shan kusan lita 200 na haɗi, wato tanki goma sha biyu da ɗoriya. An yi lissafin ne bisa cewa duk abin da aka zuba ta kan feshi zai fita, da matsi daidai. Injin da ke yoyo matsinsa hawa da sauka yake yi, wani layin ya sha da yawa, wani ya sha kaɗan. Bayan mako biyu sai gona ta fito da zane-zane, nan ciyawa ta mutu, can tana dariya. Ɗigar da ke zuba a bayanka kuma, in maganin ƙona ciyawa ne, a kan shukar take sauka. Da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo Najeriya a 2016, a shekarar da ƙwaron tumatir ya durƙusar da manoman rani daga Kadawa har Ɗanja, kowa ya koyi cewa maganin da bai isa inda ya kamata ba asarar kuɗi ne, kuma rabin awo horar da ƙwari yake yi su saba. Sai a zagi mai shagon magani a ce jabu ya sayar. Wani lokacin jabun ne, ba na musu. Wani lokacin kuwa maganin yana rigar mai feshi.

Na san da yawa daga cikinku ba a injin goyo za ku tsaya ba. Wasu sun koma na fetur, irin wanda ake ja wa dogon tiyo cikin lambun tumatir ko gonar mangwaro, shi kuma matsinsa ɗaruruwa ne, yakan kai 300 har ya wuce 500. Wasu da rani suna zama wurin mai faci a bakin titi, kuma Funtuwa mahaɗar hanyoyi ce, ta Zariya da ta Gusau da ta Yashe da ta Birnin Gwari, tirela ba ta yankewa. Tayar tirela tana shan sama da 100, tukunyar kwamfuresa kuma dole ta fi haka. A nan dokar ba ta canza ba, hukuncin saɓa mata ne ya ƙaru. Tiyon iska da ya kuɓuce daga bakinsa da irin wannan matsi bulala yake zama, da ƙarfe a kansa, yana dukan duk abin da ya samu, kuma a tsayin idon yaron da ke tsugune yake yawo. Kafin ka yanka ko ka kwance, ka rufe bawul na tukunya, ka saki iskar da ta rage a tiyon, ka ga allurar geji ta kwanta. Neman inda iska ke fita kuwa da ruwan sabulu ake yi, kumfa za ta nuna maka.

Kada ka taɓa bin tiyo mai matsi da tafin hannu kana lalube. Ramin da bai fi bakin allura ba yana fitar da ruwa da ƙarfin da zai huda fata, kuma tun daga wajen psi 100 hakan na iya faruwa. Tiyon man tarakta, mai ɗaga garma, yana ɗauke da dubu biyu zuwa uku. Abin tsoron shi ne ciwon ba ya nuna kansa. Ɗan ɗigo ne kamar cizon sauro, mutum ya goge ya ci gaba da aiki, alhali mai ko magani ya riga ya bazu a cikin yatsa. Kafin gari ya waye hannu ya kumbura, kuma da yawa a haka suke rasa yatsa. Wanda hakan ta same shi asibiti zai nufa a take, ya gaya wa likita ainihin abin da ya shiga, domin aikin tiyata ne ba na man zafi ba. Da guntun kwali ake neman irin wannan yoyo. Wasan da yara suke yi kuma na kai wa juna bakin tiyon iska a jiki, musamman ta baya, ya kashe mutane a ƙasashe da dama, ko ta saman wando ne, iskar tana fasa hanji. In kai ne babba a wurin, kada ka yi dariya, ka tsawatar.

In kuma an riga an jiƙe da magani, gaggawa ita ce a tuɓe kayan nan take, a wanke jiki da sabulu da ruwa mai yawa, ba sai an gama tankin ba. Ido in ya samu, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na kamar kwata na awa. Nono da manja da ake ɗura wa mutum ba makari ba ne, mai ma yana iya taimaka wa wasu magungunan su shige jini. In aka ga zufa mai yawa, amai, yawu, ƙwayar ido ta tsuke, ko numfashi na sarƙewa, a ɗauke shi zuwa babban asibiti mafi kusa, Funtuwa ko Malumfashi, a tafi da robar maganin mai takarda a jiki. Sunan da ke kan takardar shi zai gaya wa likita allurar da zai yi, kuma ta maganin ƙwari daban take da abin da ake yi wa na ciyawa. Kayan da aka tuɓe a wanke su su kaɗai, kada a haɗa da na yara, kuma a gaya wa wadda za ta wanke abin da ke jikinsu.

Tiyo yana daɗewa in an ji tausayinsa. A buga ruwa mai kyau ta cikinsa bayan kowane aiki, a saki matsi kafin a ajiye, a rataye injin a inuwa, ba a kan rufin kwano ko bayan babur a rana ba. Kada a naɗe shi a ƙanƙance a cusa cikin tanki, inda ya karye sau ɗaya nan zai riƙa karyewa. A kuma nisanta shi da rumbu, ɓera yana son roba.

Saura tsohon da aka cire. Roba tana shan magani, wanki ba ya fitar da shi duka. Na sha ganin tsohon tiyon feshi ya koma abin zuƙo fetur da baki, ko an ɗaura shi a bakin durom ana tarar ruwan alwala, ko yara sun tsince shi suna busawa. Ka ɗauki rezar nan da ka yi aiki da ita, ka tsaga shi a tsaye daga baki zuwa baki, ka daddatsa shi gajeru yadda ba zai yi wa kowa amfani ba. Kada ka jefa shi a murhu, hayaƙinsa guba ne, kada kuma ka yar da shi a fadama ko kusa da rijiya. Ka haɗa shi da robobin maganin da ka ɗauraye sau uku ka huda gindinsu, ka ajiye inda yaro da akuya ba sa kaiwa, rezar kuma ka naɗe ta a takarda ka mayar cikin ledarta.